Neman Launi a Akwatin Suma'ila

Birni, Damagaram
Maris, 2005

Zuwa ga Yaya Mai Nasara, mai gyaran rediyo da tele a Agadas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Sakina 'yar Inno, jikar Hajiya Kande yayar kakanka. Na san za ka ce sai da buƙata ta taso aka tuna da kai. Ba zan musa ba. Amma kai ma rabonka da Damagaram tun bikina, ka ci tuwo ka sulale ba sallama.

Mu lafiya lau, sai abin da kake ji a rediyo. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta gama da abin da ya saura. Hatsi ya yi tsadar da ba na son bi ta kasuwa. A lakwal, makarantar da nake koyarwa, yaran ajina sai raguwa suke, iyaye sun kwashe su sun yi kudu. Inno ƙafa ce ke damunta, da sauƙi.

Maganar ƙanena Suma'ila ce ta sa na ɗauki biro. Ka san ya dawo daga Libiya shekara biyu da suka wuce, ya kama gonar babanmu ta wajen Damagaram Takaya. Duk abin da ya zo da shi ya zuba a ƙasa, bai tashi da dami ko ɗaya ba. Tun kaka ya dawo gida ya shige ɗakin zaure. Ba ya zuwa fadar abokansa, abinci sai Inno ta tsaya a kansa. Abin da ya rage masa na Libiya wani tsohon akwatin wasa ne, irin wanda ake cusa wa kaset ta sama a haɗa da tele. In akwai kuran, wato wutar lantarki, yana gabansa, in an ɗauke ya kwanta yana kallon rufin ɗaki.

Yanzu ya fara maganar komawa arewa. Hanyar nan ce ta ci yayanmu Tahiru, har yau ba gawa ba labari. Inno ta ce in Suma'ila ya bi ta, a fara haƙa mata kabari.

Shekaranjiya na kai masa kunu, na tsaya ina kallon wasan. Wani ɗan mutum ne yake gudu yana tsalle, komai fari da baƙi, hoton yana rawa, ga yayyafi. Na ce, wai mene ne daɗin wannan? Ya ce, "Yaya, a can da launi yake. Ƙasan nan da kike gani ciyawa ce kore shar, saman kuma shuɗi. A nan ne komai ya koma toka." Tun kaka ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Ka yi mini dariya in ka ga dama. Ba ni da aikin da zan ba shi, ba ni da ruwan sama. Launin nan ne kaɗai abin da ya ambata wanda hannun mutum zai iya yi. In ya riƙe shi har ruwan farko, na san ƙanena, ba zai ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zauna ba, gona zai nufa. Ka faɗa mini yadda ake yi.

Kada ka kira ta telesantir ɗin unguwarmu. Mai wurin kafin mutum ya ajiye waya duk Birni ta ji. Ka ba Kyari direba amsa, shi ya kawo maka wannan.

Ƙanwarka,
Sakina

Agadas
Maris, 2005

Taubashiyata Sakina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, uwargida tana gaishe ki da Inno. Tuwon bikinki kuwa ba gishiri, shi ya sa na gudu, na rufa miki asiri ne duk shekarun nan.

Na yi dariyar, amma ba da yawa ba. Kullum kamyo, babbar motar kaya, na tashi daga nan zuwa Dirku a kan hanyar Libiya, mutane a saman kaya kamar an jera tulu, rabinsu Hausar Damagaram nake ji a bakinsu. Duk abin da za ki yi, kada ki bari Suma'ila ya ga tashar garin nan.

Akwatin ba shi da laifi, telenku ma ba ta da laifi. Telolin ƙasarmu tsarin Faransa suke bi wajen launi, na Libiya da Najeriya wani tsari ne dabam. In aka bi ta wayar eriya, tele tana ganin hoto amma ba ta gane launinsa. Maganin shi ne a daina bi ta eriya. Ki leƙa bayan tele, za ki ga wani rami mai faɗi da ƙananan huji da yawa, sunansa peritel. Ta nan ja da kore da shuɗi suke shiga kowanne da hanyarsa, ba rawa ba yayyafi.

A cikin ƙullin nan akwai kan peritel, na riga na haɗa masa duk abin da yake buƙata a ciki, da wayoyi biyar suna reto. Akwai dalma siririya. A kwance akwatin, za a ga koren allo, a kansa wani baƙin abu kamar ƙwaro mai ƙafafu jere gefe biyu. Na zana shi a takarda ta biyu, na sa alama a ƙafafun da ake so. Jar waya a ta ja, koriya a ta kore, shuɗiya a ta shuɗi. Fara ita ke hana hoto rawa, baƙa kuma a liƙa ta a jikin ƙarfen gefe. Kowace ƙafa da wayarta, kada dalmar wata ta taɓa maƙwabciyarta. Ki sa wannan a kunnen duk wanda zai yi.

Ba wani abu ba ne, aikin rabin yini ne, in ma mutum ya tsaya shan shayi. Ki kai wa mai gyaran tele na kusa da ku. In ya yi ki rubuto, in san ko malaman lakwal suna iya bin umarni kamar yadda suke bayarwa.

Yayanki,
Mai Nasara

Birni, Damagaram
Afrilu, 2005

Yaya Mai Nasara,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, Allah ya saka. Inno ta gode, ko da yake ba ta san me take gode wa ba. Zafi ya sauko, famfonmu ya ƙafe, 'yan ga-ruwa sai an bi su da roƙo. 'Yan uwan ƙauye da suka zo jiya sun ce anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, suke jiƙawa suna ci.

Na ɓata aikin, Yaya.

Mai gyaran telen unguwarmu ya rufe shago ya tafi ci-rani. Na je wajen wani a kasuwa, ya juya akwatin ya ce shi ba ya taɓa kayan yara. Sai na tuna da maƙwabcinmu Baba Ari, maƙerin azurfa. Na ce mutumin da ke liƙa ɗan kunne siriri kamar gashi, waya biyar za ta gagare shi? Suma'ila da kansa ya ɗauki akwatin muka je, har da saurinsa. Rabon da in ga ya fita da rana na manta.

Na karanta wa Baba Ari maganarka ta ƙafafu. Ya ce yana liƙi tun kafin a yi maka aski na suna. Ya sa ƙarfensa a garwashi, ya liƙa kowace waya inda ka zana, ni da Suma'ila muna duba takarda. Wallahi daidai ya yi. Sai aka kira la'asar, Suma'ila ya tafi masallaci, ni na leƙa gida. Da na dawo na tarar da Baba Ari yana goge wurin da tsumma yana murmushi. Wai ɗigon dalmar ya yi muni, kamar kashin awaki, shi kuma aiki ba ya fita daga maƙerarsa a haka mutane su ce Ari ne ya yi. Ya bi ƙafafun ya shafe su da dalma layi ɗaya sumul, kamar bakin zobe. Yana ta sheƙi.

Muka kai gida muka haɗa. Wani ɗan wari ya tashi, tele ta yi baƙi ƙirin. Ta eriyar ma yanzu akwatin ba ya nuna komai.

Ban iya yi wa tsoho faɗa ba, ko sisi bai karɓa ba, kuma har yanzu yana ganin gyara ya yi mana. Suma'ila ya naɗe wayoyin ya tura akwatin ƙarƙashin gado. Da, ko banza na san inda yake. Yanzu da safe yake fita, an ce mini a tasha yake wuni yana kallon motoci.

Da hannuna na cire masa abu ɗaya da ke zaunar da shi. Ka gaya mini ko yana gyaruwa.

Sakina

Agadas
Afrilu, 2005

Sakina,

Muna lafiya, ina gaida Inno. A gaida Baba Ari, a ce masa in na tashi yi wa uwargida zobe shi zan nema, amma kada ya ƙara kusantar abin da ke cin kuran.

Ki kwantar da hankalinki. Warin da kika ji wani ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone don ya kare sauran, ina da irinsa cike da gwangwani. A tsotse dalmar a sake liƙi, shi ke nan. Ki naɗe akwatin a zane ki ba Kyari ya kawo mini, da kaset ɗin da abin riƙewar.

Ki ce wa Suma'ila kada ya karaya, shekara ce ta zo wa kowa a haka. Mutum irinsa mai hannu da natsuwa, da a kusa yake da ni, da aiki bai yi mini yawa haka ba.

Yayanki,
Mai Nasara

Birni, Damagaram
Afrilu, 2005

Yaya,

Lafiya lau muke, in ana kiran wannan lafiya. Ina rubutu a tsaye a tasha, ka yi haƙuri da hannun.

Suma'ila yana cikin motar da ta kawo maka wannan takarda. Inno ce ta ce in karanta mata wasiƙarka a tsakar gida, ban san yana zaure yana ji ba. Da na zo kan maganar aiki ya yi maka yawa, sai ga shi ya shigo. Ya ce, "Kun ji, Yaya Mai Nasara yana neman mai taimako. Ni zan kai akwatin." Na ce ba haka kake nufi ba, magana ce ta ƙarfafa zuciya. Ya ce ai ga ta a rubuce. Inno kuwa ta ji an ce aiki, a wajen ɗan uwa, ta sa masa albarka. Ni kaɗai na san abin da ka ce game da tashar garinku, kuma ba zan iya faɗa a gabanta ba.

Kai ka ce kada ya ga Agadas, kai kuma ka buɗe masa ƙofa. Ban san da wa zan yi fushi ba.

Don Allah ka gyara abin nan ka juyo mini da shi. Kada ya kwana uku.

Sakina

Birni, Damagaram
ƙarshen Mayu, 2005

Yaya Mai Nasara,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko akwai mai amsawa ba. Inno ta rame, ƙafar ta kumbura.

Sama da wata guda ke nan ba takarda. Duk zuwan Kyari sai na tare shi, ya ce ya gan ku a shago ku biyu kuna lafiya, kun ce a gaida gida. A gaida gida! Abin da zan kai wa Inno ke nan?

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, yana watsewa. Mutanen ƙauye suna komawa gyaran gona, masu iri da marasa iri. Na samo masa irin gero a wajen wata abokiyar aikina, yana nan ƙulle a ɗakina, ina hana kaina kallonsa in tukunya ta yi sanyi.

Kai da bakinka ka ce aikin rabin yini ne, har da shan shayi. Ka ce abin da ya ƙone kana da shi cike da gwangwani. To me kake yi da akwatin nan tun Afrilu? Ko ka samu ɗan aikin da ba ka biya ne, ka manta yana da uwa? In gyaran ya gagare ka, ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Ka sallame shi ya dawo haka nan.

Sakina

Agadas
Yuni, 2005

Sakina,

Muna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Suma'ila ya tafi. Jiya da hantsi kamyonsu ya tashi zuwa Dirku.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, tun daga farko. Ranar da ya sauka na kalli jakarsa, na ga bargo da rawani da galan na ruwa. Mai zuwa kwana uku ba ya ɗauko wannan. Na gane in na gyara akwatin a ranar, ba Damagaram zai nufa ba. Amma na lura da abu ɗaya, yana son ya ga launin nan da idonsa kafin ya wuce. Sai na kwance akwatin na baje shi a kan tebur, na ce abin da ya ƙone babu irinsa a Agadas, sai an aiko daga Arlit. Da aka kwana biyu na ce na Arlit bai dace ba, sai daga Kano. Ni da nake sallah a sahun gaba, na zama maƙaryaci a shagona.

Kuma dabarar tana ci, Sakina. Na ba shi tsofaffin rediyo yana kwancewa, na koya masa riƙon ƙarfen dalma. Hannunsa ya fi nawa tsabta. Uwargida ta ce yana ƙara tuwo. Ran nan har ya yi wa wani Buzu ciniki ya ba shi dariya. Lissafina in ja shi har a ce ruwa ya sauka a Damagaram, sannan in gama aikin in sa shi a motar Kyari da hannuna.

Ban rubuto ba don shi ne ke kai mini saƙo tasha, kuma kullum yana gefena. Kin hana ni telesantir. Kyari kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Na ce in kin yi fushi na wata ɗaya, kya huce in kin gan shi. Ya kamata in nemi wata hanya, ban nema ba.

Shekaranjiya ya karɓo takardarki daga tasha. Hannuna biyu suna cikin wata tele, na ɗauka gaisuwa ce, na ce ya karanta mini. Ya karanta da ƙarfi. Da ya zo kan rabin yini da gwangwani bai tsaya ba, ya kai har sunanki. Ya ninke ta ya ajiye. Ya miƙa hannu kan kantar shago ya sauko da gwangwanin, don ya san inda yake, shi ke share wurin. Ya ce, "Yaya, to mu yi shi yau."

Shi ya tsotse dalmar Baba Ari, shi ya liƙa wayoyin biyar, ni ina nuna masa da tsinke. Kafin azahar muka haɗa da telen shago. Hoto ya fito tsaf, ba rawa ba yayyafi, koren har yana ɗaukar ido. Masu wucewa suka tsaya a ƙofa. Ya zauna ya yi ta wasa har la'asar, fuskarsa kamar ta yaro. Na ce a raina ko Allah ya sa ya huce.

Da safe shimfiɗarsa ba kowa. Na ruga tasha, na same shi can saman kaya ya naɗa rawani. Na roƙe shi, na ambaci Inno, na ambaci Tahiru, na ce shagon nan rabi nasa ne. Na kama ƙafarsa, mutane suna kallona. Ya ce, "Yaya, na gode. Amma kai da Yaya Sakina kun mayar da ni majinyaci, ana lallaɓa ni da abin wasa. Gara in je inda za a ba ni aiki don ana buƙata." Ya ce in aiko miki da akwatin, in ce aiki ya yi.

Ga shi nan wajen Kyari. Ki cusa kan peritel a bayan tele, shi ke nan. Ba na ganin laifinki. Ban san ko ke za ki iya cewa haka a kaina ba.

Mai Nasara

Birni, Damagaram
Yuni, 2005

Yaya Mai Nasara,

Ina gaishe ka da uwargida. Ka yi mata godiyar tuwon da ta ba shi.

Ba na ganin laifinka. Na karanta takardarka sau da yawa ina neman inda zan kama ka, kowane layi sai ya dawo da ni kan tawa. Maganar ɗan aikin da ba a biya, ka yafe mini ita.

An yi ruwa ran Laraba, mai yawa, har lungunmu ya yi gudu. An ce wajen gonarmu ya fi nan. Irin na ba wani ɗan uwan babanmu ya shuka, in Allah ya ba da wani abu a raba.

Ban gaya wa Inno da baki ba. Ta ga Kyari ya shigo da akwatin, ta kalli bayansa, ta ga ba kowa. Ba ta tambaye ni komai ba sai da aka kawo kuran, ta ce, "Kunna mini in ga abin." Na haɗa yadda ka ce. Yaya, gaskiyarsa ne. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Ɗan mutumin ya fito ya tsaya a cikin ciyawa, ni ban san abin da ake dannawa ba, muka zuba masa ido. Ya yi ta tsayuwa, can sai aka yi wani ɗan kiɗa ya faɗi. Inno ta ce, "Me ya same shi?" Na ce lokacinsa ne ya ƙare, ba mai riƙe da shi. Ta ce in kashe.

Tun ranar ta mayar da tabarmarta bakin zaure, da kumburarriyar ƙafar, inda take ganin duk mai shigowa lungu. Na ce rana za ta dake ta, ta ce in ƙyale ta.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk kamyon da ya dawo daga Dirku, ka je ka tambayi direba da yaransa. Ka kwatanta musu shi, dogo, da tabon lauje a hannun hagu. Kuma duk zuwan Kyari ka ba shi takarda. Ko ba ka ji komai ba, ka rubuto ka ce ba ka ji ba.

Ƙanwarka,
Sakina